Sharhi: Feshin Maganin Ƙwari Da Sheƙar Shamuwa A Ƙasar Daura

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura, ko a cikin birni ne, ko Baure, ko Zango, ko Sandamu, ko Mai'aduwa, ba ya bukatar a gaya masa abin da zuwan shamuwa yake nufi. Da zarar zafin bazara ya kai intaha, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai a wayi gari a ga baƙar tsuntsuwar nan mai farin ƙirji ta sauka a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari tana jidar ƙirare domin gyaran sheƙa. Daga ranar magidanci zai fara duba irinsa, ya kai sungumi da fartanya wurin maƙeri. Tun muna yara aka hore mu da cewa ba a jifan shamuwa, ba a kuma hawa itace a kwashe mata ƙwai, domin baƙuwa ce da ke zuwa da albishirin damina. Wannan tarbiyya ce ta sa take yin sheƙarta a tsakiyar mutane ba tare da fargaba ba.

To amma a daidai makonnin da shamuwa ke gyara sheƙa, akwai wani shirin da ake yi a kasuwanninmu. Tebura kan cika da kwalabe da jarkoki da ƙunshe-ƙunshen maganin ƙwari da na ciyawa, wasu da takardar bayani a jikinsu, wasu kuma an ɗuro su a robar ruwa babu ko suna. Matasa masu goya injin feshi su ma kasuwarsu ta buɗe ke nan. Abin da wannan sharhi yake son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, lokacin feshi da lokacin hayayyafar tsuntsayen dawa lokaci ɗaya ne a ƙasarmu, wato 'yan watannin nan na damina daga Yuni zuwa Satumba, kuma al'adar da ta kare shamuwa daga jifa ba ta san da zuwan kwalba ba.

Tun da farko ya kamata mu yi wa manomi adalci. Babu wanda ke sayen magani da kuɗin guminsa domin ya ga bayan tsuntsu. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, saboda haka maganin ciyawa ya maye gurbin noman farko a gonaki da dama. Wake ba ya yin abin kirki sai da feshi tun daga fure har zuwa ƙwaya. Idan dai ba a manta ba, a shekarar 2016 ne tsutsar nan mai cinye masara ta bayyana a Nijeriya, wanda shi ne karon farko da aka gan ta a nahiyar Afirka, kuma a shekarar ce tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta yi wa masu noman rani a jihohin Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa mummunar ɓarna. Wanda ya taɓa ganin lambunsa ya ƙone cikin kwanaki kaɗan, ko a bakin madatsar ruwa ta Sabke ne ko ta Daberam, da wuya a ce masa ya ajiye injin feshi ya saurara. Saboda haka maganar da ke gabanmu ita ce wane magani, a wane lokaci, kuma a wane wuri.

Mu fara da ita shamuwar. Takan yi ƙwai biyu zuwa uku, ta yi kwanci kimanin wata guda, sannan 'ya'yan su shafe kusan wata biyu a sheƙa kafin su iya tashi. A duk tsawon wannan lokaci iyaye biyu ne ke safa da marwa tsakanin sheƙa da gonakin da ke kewaye da gari, suna kawo fara da tsutsotsi da ƙananan kwaɗi daga kududdufai. A farkon shekarun 2000 wasu masana tsuntsaye daga ƙasar Denmak sun yi bincike a kan shamuwa a kudancin Jamhuriyar Nijar, wato maƙwabtanmu na ƙut da ƙut. Sun gano cewa bayan 'ya'ya sun tashi, shamuwa kan yi dandazo a wuraren da fara ta fi yawa, su yi ta ci suna tara ƙarfin tafiya. Sun kuma maƙala wa wasu na'urar da tauraron ɗan Adam ke bi, inda aka ga sun tafi har ƙasar Tanzaniya domin cin rani. Wato tsuntsuwar da ke kwana a kan tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa takan yi tafiyar dubban kilomitoci ta dawo, kuma abin da ke dawo da ita shi ne farar da ke cin geronmu. Ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada, haka ma balbela da shirwa da cilakowa da sauran masu cin ƙwari.

A nan ne haɗarin yake. Mafi yawan magungunan da ake fesa wa fara da tsutsa suna aiki ne ta hanyar rikita jijiyoyi, su hana tsoka sakewa, har numfashi ya tsaya. Ba su san bambanci tsakanin jijiyar fara da ta tsuntsu ko ta ɗan Adam ba, yawan abin da ya shiga jiki ne kawai ya bambanta. Farar da aka yi wa feshi ba ta iya tsalle, tana nan tana magagi a fili, ita ce kuwa mafi sauƙin kamu. Tsuntsu zai cika cikinsa da ita, ya kuma kai wa 'ya'yansa waɗanda jikinsu bai yi ƙwari ba. Ko da abin da uwa ta ci bai kai ya kashe ta ba, yakan kashe mata jiki ta kasa komawa kan ƙwai ko ta rage kai abinci, kuma duk wanda ya san ranar ƙasar Daura ya san ƙwai ba zai jure zama a buɗe na tsawon sa'o'i ba. Irin wannan asara ba ta da gawa da za a nuna wa jama'a. Sheƙa ce kurum za ta tashi babu ɗa, shekara ta zagayo a ga baƙin sun ragu, a ce ai zamani ne.

Wannan ba hasashe ba ne, domin ya faru a wurare da dama. A ƙasar Ajantina da ke Kudancin Amurka, tsakanin 1995 da 1996, an ƙiyasta cewa wani nau'in shaho mai cin fara har kimanin dubu 20 ne suka mutu a gonaki bayan da manoma suka fesa wa fara maganin da ake kira monokurotofos. Shahon nan ɗan ci-rani ne kamar shamuwa, yana bin fara garke-garke kamar yadda take yi. Da hukumomi da manoma da kamfanin da ke yin maganin suka zauna aka janye shi daga yankin, sai mutuwar ta tsaya. A arewacin Senegal kuwa, ƙasar da yanayinta ya yi kama da namu, an gwada feshin jirgin sama da magungunan fara iri biyu a 1989, aka ga yawan tsuntsaye ya faɗi a filayen da aka fesa. Kaɗan ne suka mutu nan take, akasari ƙaura suka yi saboda abinci ya ƙare, waɗanda ke da 'ya'ya a sheƙa kuma abin ya shafi renonsu. Hatta a nan arewacin Nijeriya, lokacin yaƙi da ƙudan tsando a ƙarshen shekarun 1960 da cikin shekarun 1970, masana daga ƙasar Holan tare da jami'anmu na kula da lafiyar dabbobi sun rubuta yadda feshin dayaldirin a kurmin bakin rafuka ya kashe tsuntsaye masu cin ƙwari da sauran ƙananan halittu. An sami kiwo a wuraren da a da shanu ba sa shiga, wannan gaskiya ne, amma an biya farashin da ba a sa a lissafi ba. Sannan a farmakin farar ɗango na 2003 zuwa 2005, an fesa kimanin lita miliyan 13 na magani a ƙasashen Sahel da arewacin Afirka, ciki har da Nijar, a kan hanyar da tsuntsayenmu ke bi.

Labarin da ya fi shahara a duniya game da ƙwai shi ne na maganin DDT. A 1962 wata masaniya 'yar Amurka mai suna Rachel Carson ta fitar da littafinta Silent Spring, inda ta yi gargaɗi a kan yadda magungunan ƙwari ke taruwa a jikin halittu. Bayan shekara biyar, a 1967, wani masani a Ingila mai suna Derek Ratcliffe ya auna ƙwayayen shaho da aka adana a gidajen tarihi, ya gano cewa tun daga wajajen 1947 ɓawonsu ya rage kauri da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Uwa za ta hau kwanci, ƙwai ya fashe a ƙarƙashinta. Gaggafar nan da ke jikin tambarin Amurka sai da ta koma ma'aurata 417 kacal a 1963 a faɗin ƙasar, in ban da Alaska. An hana amfani da DDT a gonakin Amurka a 1972, kuma sannu a hankali gaggafar ta farfaɗo har aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. A Afirka ma an ga irin wannan sirancewar ɓawo a ƙwan gaggafa mai cin kifi a tafkin Kariba na Zimbabuwe, inda aka daɗe ana fesa DDT saboda ƙudan tsando. Darasin da ke ciki guda biyu ne: illar takan ɗauki shekaru kafin a gane ta, kuma idan aka janye gubar tsuntsu yakan dawo, muddin dai akwai sauran iri.

Akwai kuma wata hanyar da a ganinmu ta fi kusa da halin da gonakinmu ke ciki a yau, wato yunwa. Dattawa na ba da labarin yadda ake tsintar ƙwan zabin dawa da na fakara a gefen gona lokacin noman farko. Waɗannan tsuntsaye a ƙasa suke sheƙa, cikin ciyawa, a tsakiyar damina, kuma 'ya'yansu a makonnin farko ƙananan ƙwari suke ci kafin su iya cin tsaba. A Ingila, wani dogon bincike da aka fara a 1968 a yankin Saseks a kan wata makwarwar gona ya nuna cewa maganin ciyawa, wanda ba ya kashe tsuntsu kai tsaye, shi ne ya karya ta. An kashe ciyawa, ƙwarin da ke rayuwa a kanta suka ɓace, 'ya'yan makwarwa suka riƙa mutuwa da yunwa kwanaki kaɗan bayan ƙyanƙyasa. A lardin Kwazulu-Natal na Afirka ta Kudu an ga zabin dawa sun ja baya a yankunan da noma ya koma na magani, aka share gefen gonaki tas. Wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda ya tattara ƙidayar tsuntsaye ta shekara 37 a ƙasashen Turai 28, ya nuna cewa tsuntsayen gona sun ragu da kashi 57 cikin ɗari, kuma babban dalili shi ne yawan magungunan ƙwari da takin zamani. Mu da aikinmu ke kai mu ƙauyuka muna ganin yadda ake fesa maganin ciyawa har kan iyakar gona da burtali da gindin itatuwa, wuraren da ba a shuka komai, sai dai don a ga fes. Nan ne kuwa ɗan abin da ya rage wa zabo da fakara.

Hakazalika akwai garin maganin nan mai launi da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Yana da amfani ƙwarai, domin yana kare gero da dawa daga cututtuka da ƙwarin ƙasa, kuma abin da ake sawa kaɗan ne. Sai dai da yawa daga cikinsu na ɗauke da wani rukunin sinadarai da Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili tun 2018, saboda illarsu ga ƙudan zuma. A Holan, binciken 2014 ya nuna cewa inda ɗaya daga cikinsu ya yi yawa a ruwan rafuka, tsuntsaye masu cin ƙwari na raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin ɗari duk shekara. A Kanada kuma, a 2019, an ba wasu ƙananan tsuntsaye 'yan ci-rani daidai abin da ke jikin 'yan ƙwayoyin iri, suka rasa kashi 6 cikin ɗari na nauyinsu cikin sa'a shida, suka kuma makara wajen tashi da kwana uku da rabi. Mu a nan da ake yin binne kafin saukar ruwa, iri ya daɗe a cikin rairayi, kurciya da hasbiya da zabi na tono, ba ƙaramin abu ba ne a tabbatar an rufe rami da kyau, an kuma kwashe wanda ya zube a bakin gona. Kada a manta kuma, kurciyar da ta ci irin, yaro ne zai harbo ta da danƙo ya gasa.

Mun san abin da wani manomi zai ce idan ya kawo nan a karatu: to jan baki fa? Tambaya ce mai ƙarfi. Jan baki shi ne tsuntsun dawa mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da kimanin biliyan ɗaya da rabi, kuma idan garkensa ya sauka a gonar gero ko dawa ko shinkafa, aikin shekara na iya tafiya cikin yini guda. Manoman Kebbi da Jigawa da Yobe da Borno sun sha kuka da shi, musamman a dausayin Haɗeja zuwa Nguru inda ciyawar kacala ta ba shi mafaka, kuma gwamnatoci kan ɗauko jirgin sama a yi masa feshi a makwancinsa da magariba. Ba mu ce a naɗe hannu ba. Amma ya kamata a sani cewa maganin da ake amfani da shi, wato fentiyon, guba ce ga kowane tsuntsu. Da gari ya waye shirwa da shaho da mujiya da balbela kan taru a kan gawarwakin, binciken da aka yi a Kenya ya kuma tabbatar da cewa gubar na kama su. Mutane ma kan kwashi tsuntsayen da suka faɗo a kai kasuwa a soya. A ƙasar Chadi akwai masu sana'ar kama jan baki da raga cikin dare, suna kama shi da yawan gaske su sayar da nama mai tsabta. Inda garken bai kai a kira jirgi ba, wannan dabara da tsohuwar hanyarmu ta igiya da gwangwani sun fi a jiƙa tsaba da guba a watsa a gona, abin da wasu ke yi a ɓoye, wanda kuma ba ya zaɓen wanda zai ci, har kajin gida da awaki.

Sai batun ungulu, wanda ya kamata mu faɗi gaskiyarsa yadda take. Wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da mahauta ba ta rabuwa da ungulu, har Bahaushe ya ce ba ta jewar banza. Yau yara da yawa a garuruwanmu sai dai su ji sunanta. Wani masani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari a wajen gandun daji, ƙaramar ungulun gari kuma da kashi 45. Tun 2015 aka sa ita ungulun garin cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Feshin gona ba shi ne babban dalilin wannan ba. Abin da ya fi cin ta shi ne fataucin kanta da sassan jikinta ga masu tsibbu da surkulle. Amma makamin da ake kashe ta da shi daga teburin mai maganin gona yake fitowa: a barbaɗa wa mushe, ko a sa wa karnuka da dila, ungulu ta sauko ta ci. Tsakanin ƙarshen 2019 da farkon 2020, a ƙasar Gini Bisau, ungulu fiye da dubu 2 aka kashe ta wannan hanya cikin 'yan watanni, aka tsinci da yawansu babu kai.

Wanda yake ganin rashin ungulu ba asara ba ce, ya dubi Indiya. A can wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa ne ya kusa ƙarar da ungulayensu a shekarun 1990, kafin a hana shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, ruwa ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu sun ƙiyasta a 2024 cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin dubu 500 tsakanin 2000 da 2005. Ga masarautar da ke da babbar kasuwar dabbobi irin ta Mai'aduwa, wannan labari ne da ya kamata a yi wa karatun natsuwa.

Ta fuskar doka, ba a zauna haka nan ba. A 2008, bayan da aka sami mace-mace da rashin lafiya sakamakon cin wake mai magani a wasu jihohi, hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona 30, cikinsu har da DDT da dayaldirin da monokurotofos da kuma sinadarin da ke cikin gamalin, wanda wasu ke zubawa a ruwa su kwashi kifi. A 2019 ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper da dangoginsa a kasuwanni, a 2023 kuma ta fitar da jadawalin janye wasu magungunan ciyawa da na ƙwari da suka yi kaurin suna. Tarayyar Turai ma ta dakatar da sayen busasshen wakenmu a 2015 saboda yawan sinadarin nan na fiya-fiya da aka samu a ciki, abin da ya nuna cewa gubar da ke cutar tsuntsu tana taɓa aljihun manomi. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin takardar da aka sa wa hannu a Abuja da teburin da ke kasuwar ƙauye. Masarautar Daura na kan iyaka, kaya na shiga suna fita ta Kwangwalam da Babban Mutum da ɗaruruwan ƙananan hanyoyi, mai sayarwa sau da yawa shi ne likitan gonar, shi zai ce a ƙara murfi biyu don ya fi ci. Mun sha ganin yaro ya gama feshi ya wanke injinsa a kududdufin da dabbobi ke sha, inda kwaɗin da shamuwa ke kai wa 'ya'yanta suke.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, wasu daga cikin mafita a maƙwabtanmu aka gwada su, a ƙasa irin tamu, da manoma masu magana da harshenmu. Tun daga 1989 wani shirin haɗin gwiwa na ƙasa da ƙasa, wanda cibiyar IITA ke ciki, ya samar da maganin fara daga wani nau'in funfuna da ke kama fara kaɗai, aka sa masa suna Green Muscle, aka kuma gwada shi a Maine Sorowa da ke gabashin Nijar. Ba ya kashewa nan take, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, amma tsuntsun da ya ci farar ba abin da ke samunsa, hasali ma taya maganin aiki yake yi. An yi amfani da irinsa a fili mai faɗi a Somaliya a farmakin fara na 2020. A Maraɗi kuma, masu binciken cibiyar aikin gona ta ƙasar Nijar, wato INRAN, tun wajajen 2006 suke kiwon wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro wanda ke kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. A ƙananan buhunan algarara ake raba shi, a rataya a gonaki, ya bazu da kansa ba tare da an fesa komai ba. Ga buhun nan mai ciki uku na adana wake da jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, wanda ya raba manoma da yawa da zuba wa wake magani a rumbu. Ga kuma bedi, wanda ba mu da ƙarancinsa a Jihar Katsina, ruwan 'ya'yansa na korar ƙwari da dama a wake da kayan lambu. Wanda ya tsallaka zuwa Matamai da Magarya zai ga yadda manoma suka bar gawo ya sake tsirowa a gonakinsu har ya zama abin misali a duniya, kuma kowane gawo rumfa ce ga masu cin ƙwari.

A nan gida, akwai kayan aikin da za a iya farawa da su ba tare da jiran sabon kasafi ba. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malaman gona 722 a 2024, wato biyu a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 361 na jihar, ta kuma ba su babura. Idan hukumar KTARDA ta sa batun tsuntsaye cikin abin da suke koyarwa, saƙon ba mai wuya ba ne: a duba gona a tabbatar ƙwarin sun kai a yi musu feshi kafin a sayi magani, a bi ma'aunin da ke jikin takarda, a bar taku kaɗan na ciyawa a kan iyaka da gindin itatuwa, kada a yi feshi a inda aka ga shamuwa ko balbela sun sauka suna kiwo, kada a wanke inji a kududdufi, a haƙa rami a binne kwalaben da suka ƙare. Dillalan magani su ma ya kamata a yi musu rajista da horo a kowace ƙaramar hukuma, domin su ne manomi ke fara tambaya. Limamai kuma na da abin faɗa a kan haƙƙin dabbobi da haramcin ɓarna, kuma an fi jin su fiye da lasifikar motarmu.

Amma aikin da muke ganin ya fi dacewa da fadar Mai Martaba Sarkin Daura shi ne na ƙidaya. Shamuwa ba ta ɓuya, a cikin gari take sheƙa, kowane mai unguwa ya san itatuwan da take sauka a kai. Da za a nemi dagatai da masu unguwanni, tare da malaman makarantun firamare da ɗalibansu, su ƙirga sheƙun da ke da tsuntsu a watan Yuli, su sake ƙirga 'ya'yan da suka girma a ƙarshen Agusta, a miƙa wa hakimai kamar yadda ake miƙa rahoton ruwan sama da na amfanin gona, cikin shekara biyar masarautar za ta mallaki bayanin da zai nuna gundumar da sheƙa ke cika da wadda take tashi fayau, a kuma gwada shi da irin feshin da ake yi a wurin. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, suna da masanan da za su iya tsara takardar ƙidayar cikin Hausa da ajami. Abin da ake bukata daga kowane gari shi ne littafin rubutu guda, da alƙalami, da mutum ɗaya da zai zagaya itatuwan sau biyu a damina.